Ishaku Niyuton da Saurin Dutse

An haifi Ishaku Niyuton a wani ƙauye na Ingila cikin shekara ta 1642. Bai san ubansa ba, gama ya rasu tun yana ciki. Yana da shekara uku uwarsa ta sake aure, ta bar shi hannun kakarsa.

Da ya yi wayo aka sa shi makaranta a garin Garantam. Yana saurayi sai uwarsa ta fitar da shi don ya kula da gona. Amma da an tura shi kiwo sai ya zauna da littafi, tumaki su yi ta ɓarna. Babban malaminsa da kawunsa suka dinga ba ta baki, har ta yarda ya koma karatu. A 1661 ya shiga Jami'ar Kambirij.

A 1665 annoba ta auku, aka rufe jami'a, ya koma ƙauye. Can ya duƙufa kan wata matsala mai wuya. Ga misalinta. In an saki dutse daga bisa, a sakan na farko yakan faɗo wajen mita 5, a na biyu wajen mita 15, gama kullum ƙara sauri yake yi. To, daidai lokacin da sakan na farko ya cika, mene ne saurinsa?

Ga dabarar Niyuton. Daga cikar sakan na farko, a auna tafiyar dutsen ta sakan guda: mita 15. A auna ta rabin sakan: mita 6 da kwata, watau mita 12 da rabi ke nan a sakan. In aka yi ta rage lokacin, sai a ga amsar tana ta kusantar mita 10 a sakan. Wannan shi ne saurin dutsen a wannan lokaci.

Yara a makaranta suna yin haka da zane. Sukan jera lokaci a kwance, nisa a tsaye, sai layin tafiyar dutsen ya fito a lanƙwashe. Sa'an nan su aza rula ta taɓa layin a wuri guda, ba ta ƙetare shi ba. Gwargwadon yadda rular ta miƙe sama, gwargwadon saurin dutsen ke nan a wurin.

Wani Bajamushe mai suna Laibiniz shi ma ya gano wannan lissafi da kansa, ya riga Niyuton buga shi, a 1684. Niyuton kuwa ya fitar da babban littafinsa na tafiyar duniyoyi da wata a 1687. Ya rasu a 1727, aka binne shi a Landan inda a da ake binne sarakuna.

Da malamin nan da kawun sun yi shiru, da watakila Ishaku ya tsufa yana bin tumaki.