Rudolf na Ostiriya

Rudolf na Ostiriya (an haife shi ranar 8 ga watan Janairu, 1788, ya mutu a watan Yulin 1831) ɗan sarki ne, kuma babban limamin cocin Katolika. An fi saninsa a matsayin almajirin Ludwig van Beethoven kuma ubangidansa. Kiɗa ba sana'arsa ba ce, amma ya ƙware a piyano har ya iya kaɗa abin da sai gwanaye ke taɓawa.

Farkon rayuwa

An haife shi a yankin Tuskani na ƙasar Italiya. Shi ne autan Sarki Leopold na Biyu. Iyayensa duka sun mutu a shekarar 1792, sai ya tashi a birnin Biyana a hannun yayansa, Sarki Francis. Ciwon farfaɗiya ya hana shi aikin soja, don haka ya koma hidimar coci.

Koyon piyano

Wajen shekarar 1804 ya fara ɗaukar darasi a wurin Beethoven, na piyano da na tsara kiɗa, kuma ya shafe kusan shekara 20 yana koyo. Mafi wuyar abin da ya tunkara shi ne kwanceto, wato dogon kiɗan da mai piyano ɗaya ke jagoranta, taron makaɗa na karɓa masa kamar 'yan amshi. Beethoven ya tsara irinsa guda 5, ya sadaukar da na huɗu da na biyar ga Rudolf.

Na biyar yana da kashi uku, yana cin kusan minti 40. Yana buƙatar saurin yatsu da ƙarfin hannu, da kuma kunnen da zai bi sauran makaɗa ba tare da kuskure ba. Lokacin da aka gama shi, kurumta ta riga ta ci ƙarfin Beethoven, bai taɓa kaɗa shi a gaban jama'a ba. Rudolf ne ya kaɗa shi ranar 13 ga watan Janairu, 1811, a fadar Yarima Lobkowitz, watanni kafin a gabatar da shi ga jama'a a birnin Leipzig na Jamus.

Riƙon malaminsa

Kamar yadda makaɗan fada a ƙasar Hausa ke dogara da sarakuna, haka makaɗan Turai na wancan zamani ke neman ubangida. A shekarar 1809 Beethoven ya yi shirin komawa Kassel, inda aka yi masa tayin aiki. Rudolf da yarimomi biyu, Kinsky da Lobkowitz, suka yanka masa albashin fulorin 4,000 a shekara domin ya zauna a Biyana. Daga baya biyan sauran biyun ya yi ta tangarɗa, amma Rudolf bai fasa ba.

Ƙarshen rayuwa

A shekarar 1819 aka naɗa shi kadinal kuma babban bishop na Olomouc, a Jamhuriyar Cek ta yanzu. A shekarar ce aka buga wani kiɗa nasa mai salo 40, wanda ya gina a kan ɗan gajeren kiɗan da malaminsa ya ba shi. Beethoven ya fara tsara Missa Solemnis domin bikin naɗin na 1820, sai dai bai kammala ba sai 1823.

Rudolf ya mutu a garin Baden, kusa da Biyana, yana da shekara 43. Tarin takardun kiɗansa yana hannun ƙungiyar masoya kiɗa ta Biyana har yau.