Bargery: Baturen Da Ya Taskace Kalmomin Hausa Kimanin 39,000

Duk manazarcin da wata tsohuwar kalmar Hausa ta shige wa duhu, da wuya ya tsallake ƙamus ɗin George Percy Bargery, wanda aka wallafa a 1934.

An haifi Bargery a garin Exeter da ke Ingila a 1876. Ya fara zuwa Arewacin Nijeriya ne a matsayin ɗan mishan na CMS a farkon ƙarni na 20, daga baya ya koma aikin ilimi a gwamnatin mulkin mallaka. A nan ne aka ɗora masa nauyin tsara ƙamus na Hausa zuwa Turanci, aikin da ya ci shekara fiye da 10 yana yi, yana zagaya garuruwa yana ɗaukar kalmomi daga bakin masu harshe. Cikin waɗanda suka taya shi har da R. C. Abraham, wanda ya fitar da nasa ƙamus ɗin a 1949.

Abin da ya fifita aikin shi ne bai tsaya kan fassara kaɗai ba. Ya nuna karin sauti da tsawon wasali, ya bambance kalmar Katsina da ta Sakkwato, ya kuma yi nuni da waɗanda aka aro daga Larabci. Ƙarƙashin kalmar ƙato kawai, ya jero ɗaruruwan kalmomi masu nuna girma.

Irin wannan bin salsala kan bayyana zumuncin harsuna. Manomin rake a Maƙarfi ko Kudan da ke cewa sukari, da Baturen da ke kiran wannan abu da harshensa, duk daga Larabci kalmar ta iso musu.

Jami'ar Landan ta ba shi digirin dakta a 1937, ya kuma koyar da Hausa a can har 1947. Ya dawo Kano a 1953 don sabunta fassarar Sabon Alkawari, ya mutu a 1966.

A 1993 maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta sake buga ƙamus ɗin tare da ƙarin da Neil Skinner ya yi. Kalmomi da dama na noma, saƙa da sarauta da suka ɓace a bakin matasan yau suna nan a shafukansa.