Malam Aminu Kano da Harajin Kakanninmu

Mu da muka taso a Funtuwa da Malumfashi ba mu taɓa ganin dogari ya zo ƙofar gida neman haraji ba. Kakanninmu kuwa sun gani, har wani kan sayar da hatsin da zai ci da damina don ya biya. Cikin waɗanda suka yi fafutukar kawar da wannan nauyi akwai Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa.

An haife shi a Kano a 1920. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Bauchi da Maru, sannan ya ajiye alli ya jagoranci jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950. 'Yan NEPU sun sha bulala da ɗauri a hannun hukumar En'e saboda sun ce talaka ma yana da baki. A shekarun nan ne baƙaƙen fatar Amurka suka ƙaurace wa motocin haya a birnin Montgomery, a 1955, Martin Luther King yana gaba. Shi da Malam duk sun zaɓi gwagwarmaya ba makami.

Amma a 1967 hanyarsu ta rabu. King ya fito fili ya soki yaƙin da ƙasarsa ke yi a Biyetnam, aka kuma harbe shi a 1968. Malam kuwa ya karɓi muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon, ana gab da fara yaƙin basasa. Mun yi gardama a kulob kan wannan. Wasunmu na ganin bai kamata jagoran talakawa ya zauna da soja ba, amma yawancinmu mun ba shi uzuri, domin a lokacin ƙasar ce ke shirin wargajewa.

A 1979 ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP, bai ci ba. Sai dai jam'iyyarsa ta ci Kano da tsohuwar Jihar Kaduna, wadda muke cikinta a lokacin, Gwamna Balarabe Musa kuma ya soke haraji da jangali.

Yayyenmu da suka fita zanga-zangar tsadar rayuwa a Agustan 2024 ta waya suka kira juna, suka watse cikin kwanaki. NEPU ta yi shekara 16 tana bi ƙauye-ƙauye.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Gidansa na Gwammaja, wato Mambayya, yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero.