Colin Chapman, injiniyan da ya bar wa mai saye haɗa motarsa

An haifi Colin Chapman a Ingila ranar 19 ga Mayu, 1928. Bayan ya karanci injiniyanci a Landan, ya kafa kamfanin Lotus a 1952, yana mai imanin cewa rage wa mota nauyi ya fi ƙara mata ƙarfin inji.

A 1957 ya fito da Lotus Seven, ƙaramar motar tsere da ake sayarwa a warwatse, mai saye ya harhaɗa abarsa, ya tsira daga harajin sabuwar mota. Ta haka masu ƙaramin ƙarfi suka mallake ta. A 1973 ya sayar wa Caterham haƙƙin ƙera ta, kuma har yau ana kwaikwayonta.

Bugun zuciya ya yi ajalinsa ranar 16 ga Disamba, 1982, kafin a kammala binciken badaƙalar kuɗin DeLorean da ta taɓa sunansa.