Nigel Gresley

Sir Herbert Nigel Gresley (19 ga Yuni, 1876 – 5 ga Afrilu, 1941) injiniya ne ɗan Birtaniya wanda ya shahara wajen ƙera kawunan jirgin ƙasa masu aiki da tururi. An haife shi a Edinburgh. Ya zama babban injiniyan kamfanin Great Northern Railway a 1911, sannan na kamfanin LNER daga 1923 har rasuwarsa.

Aiki

A zamaninsa, jirgin fasinja daga Landan zuwa Edinburgh yakan tsaya a tashoshi kamar Grantham da York domin a sauya masa kai da ma'aikata, abin da ke cin lokaci a jadawali. Gresley ya ƙera taragon kwal mai siririyar hanya a ciki, ta yadda sabon direba da mai zuba kwal za su karɓi aiki jirgi na tafiya. Ranar 1 ga Mayu, 1928, kan jirgin Flying Scotsman ya yi tafiyar mil 392 ba tare da tsayawa ba.

A 1935 kamfanin ya tsara jirgin Silver Jubilee ya isa Newcastle daga Landan cikin awa 4. Domin cika wannan jadawali aka ƙera kawuna samfurin A4. Ɗaya daga cikinsu, Mallard, ya kai gudun mil 126 a awa a 1938, kuma har yau babu kan jirgin tururi da ya wuce shi.