Haskell Curry, malamin lissafin da aka raɗa wa harshen kwamfuta sunansa

Yau za mu kawo muku tarihin wani malamin lissafi ɗan ƙasar Amurka mai suna Haskell Curry, wanda ya rasu tun shekarar 1982, amma har gobe masu tsara manhajar kwamfuta a duniya suna ambaton sunansa kullum, saboda akwai harshen da ake rubuta wa kwamfuta umurni da shi wanda aka raɗa wa suna Haskell. Abin da ya ja hankalinmu ga rayuwarsa shi ne, sau biyu aikinsa yana gamuwa da abin da kan sa mutum ya tattara takardunsa ya bar fage, kuma duka biyun bai ɓoye ba, bai kuma daina ba.

Haihuwa da karatu

An haifi Haskell Brooks Curry ranar 12 ga watan Satumba 1900 a garin Millis, cikin jihar Masacuset. Mahaifinsa Samuel Silas Curry da mahaifiyarsa Anna Baright suna da makaranta a birnin Boston inda suke koya wa mutane fasahar magana, wato yadda ake fitar da murya da jera zance a gaban jama'a, irin darasin da mu ma'aikatan rediyo muka san darajarsa. Makarantar tana nan har yanzu, ana kiranta Curry College.

Ɗan nasu bai gaji wannan sana'a ba. A 1916 ya shiga jami'ar Harvard da niyyar zama likita, amma ya karkata zuwa lissafi, ya kammala a 1920. Daga nan ya yi shekara biyu yana karatun injiniyan lantarki a makarantar MIT, sannan ya koma Harvard ya karanci kimiyyar fizik, ya sami digiri na biyu a 1924. Ke nan sai da ya leƙa fanni huɗu kafin ya zauna a inda zuciyarsa ta kwanta, wato ilimin manɗiƙi, wanda malamanmu na zaure ma suka sani, ilimin da ke auna hujja a ga ko ta tsaya ko ba ta tsaya ba.

Abin da ya jawo shi shi ne littafin Principia Mathematica na malaman Ingila biyu, Whitehead da Russell, wanda ya fito cikin mujalladi uku tsakanin 1910 da 1913. Manufar littafin ita ce a gina lissafi gaba ɗaya a kan ƴan ƙa'idojin manɗiƙi. Curry ya lura cewa akwai mataki guda da kowa ya raina, wato sauya harafi kamar x da wani abu a cikin jimlar lissafi. Duk wanda ya zauna ajin lissafi a kwaleji ya yi wannan sau ɗari ba tare da tunani ba, amma da Curry ya so ya rubuta dokarsa dalla-dalla, sai ya ga ta fi sauran dokokin rikitarwa. Sai ya fara neman hanyar da za a yi lissafi ba tare da waɗannan haruffa ba kwata-kwata.

Wani ya riga shi

A ƙarshen 1927, yana koyarwa a jami'ar Princeton, ya ci karo da wata maƙala a ɗakin karatu. An buga ta a Jamus a 1924, marubucinta kuwa wani masani ne daga daular Rasha mai suna Moses Schönfinkel, wanda ya gabatar da ita a gaban malaman jami'ar Gotingen tun watan Disamba 1920. Hanyar da Curry yake jin shi ne ya gano, ga ta nan a rubuce, wani ya riga shi da shekaru.

Domin mu fahimci abin da mutanen biyu suka gano, mu fara da abin da malaman lissafi a lisai suke kira fonksiyon, mu kuwa a nan za mu kira ta ƙa'ida. Ƙa'ida kamar injin niƙa take: ka zuba abu, ta fitar maka da wani. Mayar da dala zuwa sefa ƙa'ida ce, ka ba ta 200 ta ba ka 1000, wato jika guda, kuma ko yau ko baɗi ka sake ba ta 200, amsar ba za ta canja ba.

Abu na farko da Schönfinkel ya nuna shi ne, ƙa'idar da ke buƙatar abu biyu ana iya ba ta su ɗaya bayan ɗaya. Mai awon hatsi a kasuwar Madarunfa yana buƙatar abu biyu kafin ya faɗi kuɗi: farashin tiya da yawan tiyoyi. Da safe idan farashi ya tsaya, ya riga ya sami na farko, abin da ya rage a kansa wata sabuwar ƙa'ida ce mai jiran abu guda kawai, wato tiya nawa kake so. Ke nan ƙa'ida tana iya haifar da ƙa'ida, ana kuma iya miƙa ƙa'ida ga wata ƙa'idar kamar yadda ake miƙa lamba.

Abu na biyu ya fi ban mamaki. Ya nuna cewa ƙananan ƙa'idoji biyu kacal, waɗanda a yau ake kira K da S, sun isa a gina sauran. K tana karɓar abu biyu, ta mayar da na farko, ta yar da na biyu. S kuwa tana karɓar ƙa'idoji biyu da wani abu na uku, ta ba kowace ɗaya wannan abu, sannan ta ɗauki amsar ta biyu ta miƙa wa amsar ta farko. Da haɗa waɗannan biyu ta hanyoyi daban-daban ana samun duk lissafin da na'ura za ta iya yi.

Curry bai binne maƙalar ba, bai kuma watsar da aikinsa ba. Sai ya nemi inda mutanen da suka san aikin Schönfinkel suke. A watan Yuli 1928 ya auri Mary Virginia Wheatley, suka tafi Gotingen tare, inda ya yi digirinsa na dokta ƙarƙashin babban malami David Hilbert, ko da yake Paul Bernays ne ya fi zama da shi kan aikin. An buga kundin nasa da Jamusanci a 1930. Shi kuwa Schönfinkel ya riga ya koma Mosko, rashin lafiya ta kama shi, ya mutu cikin talauci a 1942. Curry ne ya ci gaba da rainon wannan ilimi har ya zama fanni mai zaman kansa, kuma a rubuce-rubucensa yana bayyana cewa Schönfinkel ya riga shi.

Ginin ya tsage

A 1929 Curry ya kama aikin koyarwa a kwalejin jihar Pensilbaniya, wadda daga baya ta zama jami'a, ya zauna can shekara 37. A daidai lokacin wani malami a Princeton, Alonzo Church, yana gina nasa tsari mai kama da wannan, wanda ake kira lissafin lamda. Burin kowannensu shi ne tsarinsa ya zama harsashin da za a ɗora lissafi duka a kai.

A 1935 ɗaliban Church biyu, Stephen Kleene da Barkley Rosser, suka buga hujja cewa tsarin Church da wani tsarin Curry suna cin karo da kansu, wato ana iya tabbatar da magana da kishiyarta a cikinsu. Tsarin manɗiƙi da ya yi haka ya tashi daga aiki. Church ya ajiye burin harsashi, ya riƙe sashen lissafin da matsalar ba ta taɓa ba. Curry kuwa ya zaɓi ya tono asalin ciwon. Hujjar Kleene da Rosser doguwa ce ƙwarai, amma a 1942 Curry ya fitar da wata gajeriya wadda ta nuna ɓarakar a fili, kuma har yau da sunansa ake kiranta.

Ga yadda take da harshen yau da kullum. Mu ɗauki jimla mai cewa idan wannan jimla gaskiya ce, to tafkin Madarunfa ya fi teku faɗi. Mu ƙaddara gaskiya ce. To sharaɗinta ya cika, ke nan tafki ya fi teku. Abin da muka nuna yanzu shi ne idan jimlar gaskiya ce, tafki ya fi teku, kuma wannan shi ne ainihin abin da jimlar ta faɗa. Saboda haka ta zama gaskiya, tafki kuma ya fi teku. Duk ƙaryar da mutum ya ga dama yana iya saka ta a gurbin maganar tafkin. Ɓarakar ta samo asali ne daga barin magana ta yi hukunci a kan kanta ba tare da iyaka ba.

Ɗaya daga cikin magungunan da Curry ya daɗe yana nazari, tun daga 1934, shi ne a ƙayyade wa kowace ƙa'ida irin abin da za ta karɓa da irin wanda za ta fitar, kamar yadda ba a zuba wa injin niƙa tsakuwa. A cikin wannan nazari ya lura cewa dokokin wannan ƙayyadewa sun yi daidai da wasu dokokin manɗiƙi. William Howard ya faɗaɗa wannan a 1969, kuma a kansa aka gina manhajojin da ke bincika ko hujjar lissafi ta inganta.

Yaƙi, kwamfuta da littattafai

Curry yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana manɗiƙin lissafi a 1936, ya kuma shugabance ta daga 1938 zuwa 1940. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942, ya bar aji ya yi wa gwamnatin ƙasarsa aikin lissafi. Wannan ne ya kai shi ga ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, na'ura mai nauyin kusan tan 30, wadda ya tsara wa wani lissafi a 1946. A 1949 da 1950 ya rubuta rahotanni kan yadda za a haɗa ƙananan umurnoni su zama babba, amma a lokacin ba su ja hankalin mutane sosai ba.

A 1958 ya fitar da babban littafinsa Combinatory Logic tare da Robert Feys ɗan Beljiyam, mujalladi na biyu ya biyo baya a 1972 tare da Roger Hindley da Jonathan Seldin. Daga 1966 zuwa 1970 ya koyar a jami'ar Amsterdam ta ƙasar Holan, sannan ya koma gida. Abokan aikinsa sun shaide shi da karɓar baƙi da ba ɗalibai lokacinsa, kuma yana da sha'awar kallon tsuntsaye. Ya rasu ranar 1 ga Satumba 1982 a garin State College, saura kwana 11 ya cika shekara 82, ya bar mata da ƴaƴa biyu.

Inda aikin ya yi amfani

Yawancin harsunan kwamfuta suna aiki ne kamar allon ɗan makaranta: a rubuta lamba, a goge, a rubuta wata. Idan manhaja ta yi girma, sai a rasa wane sashe ne ya goge abin da wani ya rubuta, daga nan kurakurai suke fitowa. Hanyar da ta samo tushe daga Church da Curry tana gina manhaja ne da ƙa'idoji zalla, kowace ta karɓa ta fitar, ba ta taɓa kayan wata. Wannan yana sauƙaƙa gwada kowane sashe shi kaɗai, da raba aiki tsakanin na'urori da yawa a lokaci guda.

John McCarthy ya buɗe wannan hanya da harshen Lisp a 1958. A 1979, Curry yana da rai, wani Bature ɗan Ingila, David Turner, ya nuna cewa ana iya juya manhaja zuwa K da S da ƴan'uwansu, na'ura ta gudanar da ita. A 1987 masana suka haɗu a birnin Portland suka yanke shawarar tsara harshe guda da kowa zai yi aiki da shi, bayaninsa na farko ya fito a 1990. Sai da suka nemi izinin matar marigayin kafin su sa masa suna Haskell. Babbar manhajar da ke fassara wannan harshe ga na'ura, GHC, an fara ta a jami'ar Glasgo a ƙasar Sikotlan, kyauta ake samunta, kuma ana ta fitar da sabbin zubinta. Idan mai rubutu ya miƙa wa ƙa'ida abin da ba irin nata ba, tana tsayar da shi tun kafin manhajar ta fara aiki.

Wannan ilimi ya iso har aljihunmu. WhatsApp da muke aika saƙon murya da shi tsakanin Maraɗi da Katsina, an gina na'urorinsa na tsakiya da Erlang, wani harshe na wannan dangi da kamfanin Ericsson na Suwidin ya ƙirƙiro. A 2015 Facebook ya sanar cewa da Haskell ya sake rubuta manhajarsa mai tace saƙonnin banza. A Faransa kuma cibiyar bincike ta INRIA ta fitar da OCaml a 1996. Ita kuwa dabarar mai awon hatsi, masu sana'ar sun sa mata sunan Curry, alhali shi da kansa ya nuna ta Schönfinkel ce.

Ga ɗalibanmu masu shirin bak da na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, yana da kyau su san cewa ginshiƙin wannan aiki da alƙalami da takarda aka yi shi, shekaru kafin a ƙera kwamfuta ta farko. Wanda ya fahimci darasin fonksiyon a aji ya riga ya kama bakin zaren, kuma misalin K da S da muka bayar ana iya gwada shi a littafin rubutu tun yau. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.