Carl Scheele: Mai haɗa maganin da ya gano gilisarin

Gilisarin ɗin da ake zubawa a man shafawa lokacin hunturu shi ne kuma ginshiƙin danƙon da ke riƙe fentin mai a jikin ƙofa da taga. Wanda ya gano shi, Carl Wilhelm Scheele, ya rasu bai san zai yi wannan amfanin ba.

An haifi Scheele ranar 9 ga Disambar 1742 a Stralsund, garin da yanzu ke Jamus amma a lokacin yana hannun Sweden. Bai yi jami'a ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon haɗa magani a Gothenburg, inda yake raba dare yana gwaje-gwaje da kayan shagon maigidansa. A 1775 ya koma ƙaramin garin Köping ya karɓi wani kantin magani da mai shi ya rasu.

A can ne, a 1779, ya dafa man zaitun da garin dalma, haɗin da ake yin filasta da shi. Sai ya lura da wani ruwa mai kauri da ya ware, ya ɗanɗana ya ji zaƙi. Sunan gilisarin kuwa Bafaranshe Michel Chevreul ne ya raɗa daga baya.

Abin da ya sa masana'antu ke son sinadarin shi ne kowane ƙwayarsa na da hannaye uku da ke kama asid. Idan aka dafa su tare sai su sarƙe kamar raga, su daskare. A 1847 Jöns Jacob Berzelius ya samu irin wannan danƙo daga gilisarin da asid ɗin tartaric, wanda shi ma Scheele ne ya fara tace shi. A shekarun 1920 Roy Kienle na kamfanin General Electric a Amurka ya ƙara wa haɗin man tsirrai mai bushewa, aka samu danƙon alkyd na fentin zamani.

Fentin da Scheele ya ƙirƙira da hannunsa kuwa, wani kore mai ɗauke da gubar asinik, ya shiga gidajen Turai ya cutar da mutane. Ko iskar oksijin ma ya riga Joseph Priestley ganowa, amma littafinsa bai fito ba sai 1777, yabon ya tafi Ingila.

Ɗabi'arsa ta shaƙa da ɗanɗana duk abin da ya haɗa, har masu guba, ita ake zargi da karya masa lafiya. Yana kwance ya auri matar tsohon mai kantin domin ta gaji dukiyarsa. Kwana biyu bayan ɗaurin auren, ranar 21 ga Mayun 1786, ya rasu yana da shekara 43.